La'asar Da Ba A Kashe Inji Ba

Da sunan Allah Mai rahama, wanda mantuwa ba ta riskar Sa, nake fara wannan bayani.

Na rubuta shi ne saboda samarin da ke zuwa shagona a nan Jega, suna so a koya musu aikin kwamfuta cikin hutun makaranta guda. Sukan ga mutum zaune a inuwa, fanka na kaɗa shi, yana danna maɓallai, sai su ce ai wannan hutu ne ake biyan mutum a kansa. Ba na jin haushinsu. Ni ma da na fara ganin na'urar haka na ɗauka. Amma tunda gemuna ya yi fari a bakin wannan tebur, bari in gaya musu abu guda wanda in ba su gane shi ba, ba su shiga sana'ar ba tukuna.

A Maiyama na fara riƙe alƙalami, wurin ƙanen mahaifina, da tawadar da muke dafawa da kanmu. Ajami na sani kafin boko, har yau kuma in zan yi wa kaina rubutu, daga dama hannuna ke farawa. Da na tasa aka kawo ni Jega, aka damƙa ni ga wani Bayarabe mai buga takardu kusa da tasha, kowa na kiran sa Baba Ibadan. Na daɗe ina sharar shago, ina sa wa tafireta mai, ina canza mata zare, kafin ya yarda in taɓa takardar mutane. Ita tafireta ba ta da ɓoye-ɓoye. Abin da ka buga ya hau takarda, ya zauna, ko ka tafi masallaci ka dawo yana nan.

Ranar da Baba Ibadan ya kawo kwamfuta daga kudu, ya zaunar da ni gabanta, ya ba ni shafi guda cike da rubutu, ya ce in buga. Na buga tsaf, ina kallon haruffa suna fitowa a gilashi ina jin daɗi. Ina kai ƙarshe sai ya miƙa hannu ya zare wayar wuta daga bango. Gilashi ya yi baƙi. Ya mayar, na'ura ta tashi, ba ko harafi ɗaya.

"Bello, ina aikinka?" in ji shi da Hausarsa mai lanƙwasa.

"Yana ciki, Baba. Da idona na gan shi."

"To, nemo shi."

Na nema har aka kira azahar. Da muka dawo daga salla ya kwance akwatin kwamfutar, ya nuna mini abu biyu. Na farko wani ɗan ƙarfe mai nauyi, shi ne faifan ajiya. Na biyu ɗan siririn allo kore mai kama da matajin kai, da baƙaƙen ɗigo manya a jere a jikinsa, shi ne ram. Faifan ajiya kamar rumbu yake: abin da ka zuba yana nan, ko da wuta ko babu. Amma ba a aiki a cikin rumbu. Sai an ɗebo hatsi an kawo fili, a sussuka, a sheƙe. To, ram shi ne filin. Duk abin da kake gani a gilashi, kana bugawa, kana gogewa, a kan ram yake, domin shi ne mai sauri. Aibinsa ɗaya: da wuta yake riƙe abu. Wuta na ɗaukewa, ko na ƙiftawar ido ne, ya saki komai, kuma babu gwanin da zai dawo da shi. Shi ya sa ake danna adanawa, abin da yara ke cewa sebin, a kwashe daga fili a mayar rumbu.

Wani Alhaji daga Kimba ya taɓa zuwa mini a kan babur, ya ɗauro gilashin kwamfutar ɗansa a baya, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Ya ce yaron na cikin rubutu wuta ta ɗauke, rubutun ya maƙale a ciki, in fito masa da shi. Na ce ina akwatin? Ya ce ai akwatin ba ya nuna komai, sun bar shi gida, kaza ma na son kwanciya a bayansa. Na ba shi ruwa ya sha, na yi masa bayani a hankali. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Duk da haka dai, Malam, ka buɗe mu gani." Na buɗe masa, ya leƙa, ya gamsu, muka rabu lafiya. Mai kawo aiki ba a yi masa dariya. Wannan ma yana cikin sana'ar.

Wata na'urar kuma daga Aliero aka kawo ta, ta wani dillalin albasa, an ajiye ta a ɗakin da ake tara buhuna. In an kunna sai ta yi ta kuka ƙit, ƙit, ƙit, gilashi ba ya kawo komai. Irin wannan kuka yawanci ram take kira. Na kwance ta na tarar da ɓawon albasa cike, har da gidan zanzaro a gefen fankarta. Kayan aikina ba su da yawa: sukuddireba mai baki huɗu, burushin fenti mai taushi, ɗan famfon roba na hura iska, da robar goge fensir irin ta 'yan firamare. Kafin ka taɓa ram, ka fara dafa ƙarfen akwatin, domin jikin mutum yakan ɗauki wata 'yar wuta da ba ya ji, ita kuwa ta isa ta kashe shi. Ka buɗe 'yan maƙallan gefe, ka zare shi ta baki-baki, ka goge haƙoransa masu ruwan zinariya da roba har su yi haske, ka hure, ka mayar har ka ji ƙas. Na yi haka, ta tashi. Abin bai ɗauki lokacin shan shayi ba, amma sanin inda za a sa hannu shi ya ci shekaru.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka shiga watanni ba wuta, ga man fetur ya yi wuyar samu. Lokacin Baba Ibadan ya koma garinsu, shago ya zama nawa. Babban janareta na sayar, na koma ga ɗan ƙarami mai hayaƙi, wanda kwamfuta ɗaya kawai yake ɗauka. In ka kunna masa firinta sai ya shaƙe ya mutu, don haka bugawa a takarda sai in ɗauki akwatin dungurungum in kai wani shago. Akwai wani akwatin batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, shi ma batirinsa ya mutu. Masu kawo aiki suka ragu. Da damina na koma gona a Maiyama, da rani na dawo bakin tebur. A cikin wannan shekara ce aka yi aikin da na fi tunawa.

Akwai wani tsoho a Birnin Malam, Malam Hantsi. Tun yana da ƙarfi ya tsara wata doguwar waƙa ta wa'azi ga manoman fadama, a kan rabon ruwa, da haƙƙin maƙwabcin gona, da cika mudu. Ya rubuta ta da ajami, gara ta cinye takardun a cikin gafaka. Sannan idonsa ya tafi, daga baya tunaninsa ma ya fara zuwa yana komawa. Ɗansa Umaru, direban motar haya ne a tashar Jega, shi ya ƙudura a rubuta waƙar tun ana iya samun ta. Ya sha kawo tsohon shagona. Sai ya fara baiti biyu ko uku, ya tsaya, ya tambayi ko an ba awaki ruwa. Mu yi hira, a mayar da shi gida.

Ran nan da hantsi suka zo kamar kullum. Na shimfiɗa masa tabarma, na ta da inji, na zauna ba tare da na sa rai ba. Tsoho ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ɗauko waƙa daga farko. Ya wuce inda ya saba tsayawa. Ya ci gaba. Murya ta buɗe, baiti na bin baiti kamar ana kwance rawani. Umaru ya dafe baki. Ni kuwa yatsuna na gudu, ina bin sa da boko, don alƙalami ba zai kamo shi ba.

Da na sami ɗan numfashi na danna adanawa. Na'ura ta yi ƙas-ƙas daga ciki, ta fito da saƙo cewa ba ta iya rubutawa a faifai. Na sake, haka. Faifan ajiya ya gaza. Ramin fulofi, ɗan faifan da muke ɗaukar aiki da shi a lokacin, ya riga ya lalace tun bara. Wato duk abin da tsohon nan ke zubowa a kan ram kaɗai yake zaune, ram kuma a kan ɗan injin da ke kuka a bakin ƙofa. In na ce ya dakata in gyara, gyaran sai an kashe na'ura, shi kuma in ya tsaya ba wanda ya san ranar da zai sake tashi. Sai na ci gaba da bugawa.

Da azahar na raɗa wa Umaru halin da ake ciki. Muka yi salla ɗaya bayan ɗaya a ƙofar shago, don ranar kasuwa ce ta wani gari, layinmu ba mutane, ba wanda ya kula da kukan injin. Tsoho ya yi tasa a zaune, ya sallame, ya ɗora daga inda ya tsaya. Mai ya yi ƙasa, Umaru ya zuƙo daga tankin motarsa da tiyo, muka ƙara wa inji yana tafiya, da mazurari da jiƙaƙƙen tsumma, muna addu'a. Wannan kada wanda ya gwada, ganganci ne, larura ce ta sa.

Gab da la'asar Malam Hantsi ya kai ƙarshe, ya yi salati, ya shafa. Sai ya jingina da bango, ya ce wa ɗansa, "Umaru, an ba awaki ruwa?" Na gwada shi da baitin farko ko zai maimaita, ya dube ni da idon da ba ya gani, bai san abin da nake nufi ba. Ya kwanta, barci ya ɗauke shi.

To, a layinmu akwai al'ada. Masallacinmu rumfar kwano ce, ba bango, tana manne da shagona. Tun kafin in zo aka yi ittifaƙi cewa in an kira salla kowane inji sai ya yi shiru: na mai niƙa, na mai walda, na mai faci, har a sallame. Wanda ya ɗora wa kansa tsaron wannan doka shi ne Baba Na'Allah mai faci. Ba ya tambayar kowa. Ladan na cewa Allahu akbar, zai bi layi da butarsa yana kashe injuna ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce masa don me ba. Da la'asar 'yan kasuwa sun dawo, layi ya cika. Ina cikin tunanin yadda zan fitar da waƙar nan, sai na ji kiran salla, na ji injin niƙa ya mutu, na walda ya mutu. Na fito da gudu ba takalmi. Na same shi ya sunkuya, yatsansa na kan makashin injina.

"Baba! Don girman Allah kak ka taɓa!"

Ya ɗago a hankali. "Bello, lahiya? Ba ka ji kira ba?"

"Na jiya, Baba. In ka kashe shi waƙar Malam Hantsi ta tahi."

"Ta tahi ina? Ba ga ta can cikin talabijin ɗinka ba? In munka sallame ka tashe shi."

"Ba ta dawowa, Baba."

"Kai, jama'a ku ji min. Ni injin hwacina kullum sai na kashe shi, ban taɓa ishe iska ya gudu daga tayar da nib busa ba." Mutanen da ke alwala suka yi dariya. Mai walda ya ce, "Malam Bello ya zama Bature, injinai ba ya salla."

Hayaniya ta jawo Liman, dattijo mai sanyin magana, ɗan kasuwar hatsi ne. Ya ce, "Malam Bello, mi ah haƙiƙanin abin?"

Na karɓi butar Baba Na'Allah, na ce ya tara hannu. Na zuba masa ruwa a tafi. Na ce, "Allah gafarta Malam, waƙar awa ruwan ga take. Randar da za a juye ta ta hwashe. Muddin ya matse yatsu, ruwa na nan. Wutar injin ga ita ta matsewar. In ya saki hwa?"

Baba Na'Allah ya tsaya da ruwa a hannu, ya rasa yadda zai yi da shi. Liman ya leƙa cikin shago, ya ga tsoho kwance, ya ga rubutu cike da gilashi. Ya san waƙar, ya ce yana yaro ya taɓa jin ana rera wani yanki nata a fadama.

"Shi mai ita ba ya iya maimaitawa?"

Umaru ya ce, "Allah gafarta Malam, yau ɗai Allah Ya buɗe mai. Yanzu ko sunanta bai sani ba."

Baba Na'Allah ya ce, "Amma dai ba a salla cikin wanga kuka. Ko kabbara ba a ji. In anka bar na Bello yau, gobe mai niƙa shi ce garin tuwonai ba ya jira."

"Gaskiya taka," in ji Liman. "Doka tana nan, ba a salla kusa ga inji. Ku naɗe tabarmi. Ƙasar Allah da hwaɗi take."

Haka aka yi. Aka kwashi tabarmi da buzaye aka tsallaka bayan tasha, ƙarƙashin wata babbar darbejiya, inda kukan inji ke zuwa kamar ƙudan zuma. Nan muka yi la'asar, ni ma a cikin sahu. Ba zan ɓoye ba, kunnena ɗaya na wajen Liman, ɗaya na bayan tasha. Allah Ya karɓa mana yadda take.

Da aka sallame Liman ya ce, "To, ruwan ga ba a barin shi ga hannu har abada. Ƙaƙa za a yi?" Na ce ba abin da ya rage sai a kwafe da hannu, kuma ni kaɗai ba zan gama ba kafin inji ya gaji, don ya riga ya yi zafi. Ya waiwaya ya dubi sahu. "Wa ad da hannun rubutu cikinku?" Duk wanda ke wurin ya yi makarantar allo. Boko ne ba su karantawa, ajami kuwa sai dai wani ya fi wani kyan hannu. Aka zaɓi mai walda, da wani mahauci, da Liman kansa. Baba Na'Allah ya ce shi ma a ba shi biro, ba za a yi ba shi ba.

Na raba musu fararen takardu, suka zauna a ƙofar shago, kowa ya ɗora a gwiwa. Ni ina gaban gilashi ina karantawa da ƙarfi don in rinjayi inji. Baiti na farko na Liman, na biyu na mai walda, na uku na mahauci, na huɗu na Baba Na'Allah, kafin in zagayo na farko ya gama nasa. Kowa na sa lamba a gefe don a haɗa daga baya. Umaru na tsugune wajen inji yana yi masa fifita da kwali.

"Sake hwaɗi, Bello, kana gudu awa motar Umaru!"

"Baba, hannunka na da nauyi, wanga ba taya ba ta."

"Kai dai karanta. Tun ba a haihe ka ba nike rubutu."

Da aka zo baitocin da ke magana a kan mai tauye mudu, na farkonsu ya faɗo a rabon Liman, mahauci ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga naku na, 'yan hatsi." Liman ya ce, "Jira naka, na san bai ƙyale mahauta ba." Bai kuwa ƙyale su ba. Mutane suka taru a bayanmu suna saurare, masu wucewa na tsayawa. Inji ya yi tari sau da dama, kowane tari sai biro ya tsaya a hannun kowa, sannan ya kama.

Rana ta yi ja lokacin da na karanta baitin ƙarshe. Na koma sama na bi da sauri, suna duba lambobinsu, ba wanda ya ɓace. Na tattara takardun, na miƙa wa Umaru, ya karɓa da hannu biyu. Sannan na ce, "Baba Na'Allah, bisimilla, aikinka."

Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya je ya kashe inji. Gilashi ya yi baƙi. Layi ya yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a kan rumfa.

A cikin wannan shiru muka ji murya daga tabarma. Ashe Malam Hantsi ya daɗe da farkawa, yana kwance yana saurare.

"Umaru, wagga waƙa da anka karanta, wa yay yi ta? Ya hwaɗi gaskiya. Allah Shi gahwarta mai."

Jama'a suka ce amin. Umaru ya durƙusa kusa da kunnensa. "Baba, kai na. Taka ta."

Tsoho ya ɗago kai. "Ni?" Ya shafa gemu, ya yi murmushi. "To, alhamdu lillahi. A kama min hannu in yi alwala."

Liman da kansa ya kama shi. Magariba a rumfarmu muka yi ta.